Gyara a Unguwar Talabijin

Shagona na Unguwar Talabijin,
bayan gareji, jikin mai gasa masara.
Sunan unguwa ya bi ni har sana'a:
akwatin da ya makance, ni ke buɗe masa ido.

Ran Talata Zugwai ta kawo nata,
naɗe da zani kamar jariri mai zazzaɓi.
Ta ce, "Bobai, murya na fita, hoto ya ƙi."
Na kwance bayansa, na kori kyankyasai biyu,
na ɗiga dalma inda waya ta saki.
Ƙarfe huɗu aka kawo wuta, na kunna.

Sai ga benci.
Bencin katako, ba kowa a kai,
hasken taga ya kwanta a gefensa,
wata murya na cewa, "Wurinka na nan. Dawo gida."
Lambar waya na bi ta ƙasa kamar jerin tururuwa.

Na ce wa Zugwai launi bai zauna ba,
ta bar shi sai gobe.
Ƙarya na yi. Launi ya zauna daram.

Shekara goma sha ɗaya rabona da Mas,
ni da na riƙe wa Fada kaskon turare
har hayaƙi ya san hanyar hancina,
ni da ke kaɗa ƙararrawa, ban taɓa saɓa lokaci ba.
Masaƙa ta rufe a Kakuri, Baba ya zauna.
Mama ta rasu, aka ce a kawo katinta.
Wata bakwai ba ta biya ba.
Gawa na kwance, ana lissafi da biro.
Na biya, na karɓi rasit, na ninke shi huɗu,
na fita ta ƙofar gefe ban waiwaya ba.

Yau ga su sun biyo ni ta eriya.
Da dare ƙanwata Kasham ta turo shi a waya,
bidiyon nan dai, sakan arba'in,
ya cinye mini data, ya hana ni barci.
Sau shida na kalla. A na bakwai
na ji abin da ke bayan muryar:
tulun zumuntar mata ana dukan bakinsa,
dum, dum, irin bugun Mama,
mai ɗan jinkiri, kamar tana jiran wani ya iso.

Na rubuta wa lambar: "Ku fara neman gafara tukuna."
Na goge. Na sake rubutawa. Na tura.
Na zaci shiru zai biyo, ko wa'azi.
Da asuba amsa ta zo, layi biyu:
"Gaskiyarka. Katikis Didam ne, ni na riƙe biron.
Lasifikarmu ma ta lalace, ko za ka duba?"

Tsohon nan ya iya ɗana tarko.

Ran Asabar na saɓi jakar aiki,
na ce wa kaina kwastoma kwastoma ne.
Ba kowa ciki sai mata biyu masu shara.
Ruwan tsarki na bakin ƙofa,
hannuna ya riga ni,
kafin in tsawata masa ya kai goshi.
Ɓera ne ya ci waya a bayan bagadi,
aikin minti goma, na yi awa guda.
Didam ya tsufa, hannunsa na rawa.
Ya miƙo kuɗi, na ce ya riƙe.
Ya ce, "To me zan rubuta a littafi?"
Muka yi dariya, ba ta kai ciki ba,
amma dariya ce.

Na gane bencin: na uku daga baya, hannun hagu,
mai ƙusar nan da ke yaga wando.
A talabijin ba su nuna ƙusar ba.
Na ciro filaya na zare ta,
na jefa aljihu, wajen rasit.

Gobe Lahadi. Ban yi wa kowa alkawari ba.
Zugwai ta ɗauki akwatinta ɗazu,
ta ce hoto ya fito tas.
Takalmina dai na goge,
don ya yi datti ne kawai.